Digirin digirgir a kan talauci da tallafin ƙasashen waje: tambayoyin da 'yan Kebbi da Zamfara ke yawan yi

Ƙananan malamai a Birnin Kebbi, Aliero da Gusau, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da matasan da suka gama digiri na biyu suna zaune, kusan tambayoyi iri ɗaya suke kawowa in maganar digirin digirgir ta taso. Shi ya sa na tara su a nan tare da amsoshin da nake bayarwa. Ranakun rufe karɓar takardu da yawan kuɗin da ake ba ɗalibi suna sauyawa kowace shekara, don haka waɗannan sai a duba su a shafin hukumar da ke ba da tallafin.

Malam, a wane sashe ake yin irin wannan karatu?

Babu sashe guda da ya mallaki talauci. Ana yin sa a sashen tattalin arziki, nazarin halayyar zamantakewa, kimiyyar siyasa, labarin ƙasa, tattalin arzikin noma, har da tarihi. A ƙasashen waje kuma akwai cibiyoyin da aka kafa musamman don nazarin ci gaban ƙasashe: IDS da ke Jami'ar Sussex a Ingila, wadda aka buɗe a 1966, da SOAS a Landan, da cibiyar GDI a Manchesta, da ISS a birnin Hague na Holan, da ZEF a Bon ta Jamus. A Oksfod akwai OPHI, cibiyar da Sabina Alkire ke jagoranta, wadda ta fito da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa da Najeriya ke amfani da shi yanzu. Sashen da za ka shiga ya danganta da digirinka na biyu da irin tambayar da kake ɗauke da ita.

Talauci ai a gabanmu yake, kowa na ganinsa. Me ya rage da za a bincika?

Ganin abu daban, iya bayaninsa daban. Ga misali daga alƙaluman gwamnati. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya auna talauci da abin da gida ke kashewa, ya ja layi a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ya ce kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ƙasa da layin. A wannan lissafi Zamfara ta kai wajen kashi 74, Kebbi kuwa wajen kashi 50. Sai a 2022 hukumar ta sake fitar da wani rahoto da ya duba lafiya, ilimi, yanayin muhalli, aikin yi da masifun da ke afka wa gida. Nan aka samu mutum miliyan 133, wato kashi 63, kuma Kebbi ta haura kashi 80, ta shiga gaban Zamfara.

To, yaya jihar da ta fi maƙwabciyarta abin kashewa za ta fi ta rashi a ɗaya ma'aunin? Ko kuɗin shinkafar fadamun Argungu, Suru da Bunza suna shigowa gida amma ba sa komawa makaranta da asibiti? Ko suna tsayawa ne a hannun maigida? Ko kuwa makarantar da asibitin ne babu su a kusa, ko da kuɗin na nan? Kowace daga cikin waɗannan za ta iya cika kundi guda, kuma wanda ya taso a wurin ya fi kowa sanin inda zai fara tono.

Wannan ne abin da nake so ɗalibanmu su riƙe. Shekaru da dama ana bincike a ƙasarmu, amma mu ne masu riƙe takardar tambayoyi, mu shiga ƙauye, mu fassara, a biya mu na kwanaki, sunan wani ya hau kan rahoton. Muna da harshe, muna da hanya, mutane sun yarda da mu. Abin da ke hana mu zama masu aikin shi ne rashin tambaya mai kaifi da rashin horo a dabarun bincike, kuma duka biyun ana koyonsu.

An ce tallafin ƙasashen waje ya mutu tun da aka rufe USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka. Ba a makara ba kuwa?

Kuɗi sun ragu, wannan gaskiya ne. Amurka ta rushe USAID a 2025. Birtaniya ta haɗe DFID, ma'aikatarta ta tallafin ƙasashen waje, da ma'aikatar harkokin wajenta a 2020, ta rage abin da take warewa daga kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 ta ce za ta mai da shi 0.3 zuwa 2027. Gurbin karatu ya ƙara tsada kenan, masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

Amma a matsayin abin bincike, ba a taɓa samun lokaci irin wannan ba. Da ana tambaya ne me ke faruwa idan tallafi ya shigo. Yanzu ana iya ganin abin da ke faruwa idan ya fita dare ɗaya: cibiyar kula da yara masu tamowa da ta saba samun abincin magani, ma'aikaciyar lafiyar da ƙungiya ke biya alawus, asibitin da ke karɓar maganin zazzaɓi kyauta. Wa ya cike gurbin? Jiha? Hukumar Zakka da Waƙafi? Ɗan da ke ci-rani a Legas? Ko ba kowa? Wanda ya fara rubuta wannan tun yanzu, da ranaku da adadi, zai riƙe bayanan da ba za su sake samuwa ba.

A gida ya fi ko a waje?

Ya danganta da iyalinka, aikinka da abin da kake so ka koya. A gida, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ita ce mafi kusa da mu a cikin tsofaffin jami'o'i, sai Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano. Jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau a 2013 aka kafa su, shirye-shiryensu na gaba da digirin farko suna kan girma, sai ka tambayi makarantar manyan digirori ko sashenka ya fara ɗaukar 'yan digirgir. A ƙa'ida shekara uku ce mafi ƙaranci. A aikace, da yajin aiki, da jiran a sa ranar gabatar da babi, da mai duba aiki da ke riƙe da ɗalibai fiye da ƙarfinsa, biyar ko shida ba abin mamaki ba ne. Ribar ita ce kana kusa da filin bincikenka, albashinka na tafiya, 'ya'yanka na ganinka.

A Ingila shekara uku zuwa huɗu ne, kuma tun ranar farko bincike za ka shiga, ba a cika zaman aji ba. A Amurka biyar zuwa shida, shekara biyun farko karatu ne mai tsanani a aji, musamman a tattalin arziki. A Norway, Suwidin, Denmak da Holan yawanci aiki ne ake tallatawa kamar kowane aiki, a ɗauke ka, a biya ka albashi, amma kan batun da farfesa ya riga ya samo wa kuɗi.

Ra'ayina, ga malamin da ke da iyali da aiki, hanya mafi dacewa ita ce ta tsakiya: ka yi rajista a gida, ka nemi tallafin da zai kai ka waje na wata tara ko shekara guda ka koyi dabaru, ka yi amfani da ɗakin karatu, ka dawo.

To ina kuɗin suke?

Mu fara da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, tunda ita kowa ya sani. Malaman manyan makarantun gwamnati kaɗai take ɗauka, kuma ta hannun makarantarka ake bi, ba kai tsaye ba. Malamin Kwalejin Waziri Umaru, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, duk suna da haƙƙin nema kamar malamin jami'a. Za ka sa hannu a kan alƙawarin dawowa ka yi wa makarantar aiki. Daga Janairun 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje, saboda faɗuwar naira da kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa, ya mai da hankali kan karatu a cikin gida.

Tallafin Commonwealth na Birtaniya yana da na digirgir cikakke, wanda ake bi ta Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya a Abuja, yana kuma da wanda ake raba karatun biyu: kana da rajista a jami'ar Najeriya, su ɗauki nauyin shekara guda a wata jami'ar Birtaniya. Wajen ƙarshen damina ake buɗewa, kuma suna so su ga takardar goyon baya daga malamin da zai duba aikinka a can. Chevening kuwa, wani tallafin na Birtaniya, na digiri na biyu ne kawai, kada ka ɓata lokacinka a kansa. Tun 2021 majalisun bincike na Birtaniya ma suna ba 'yan ƙasashen waje wani kaso na gurabensu, har zuwa kashi 30. Na kimiyyar zamantakewa ita ce ESRC, ta jami'o'i ake nema.

Jamus na da hukumar tallafin karatu ta DAAD, wadda ke ɗaukar nauyin ɗalibai a shirin digirgir na ZEF, da Turanci ake yin sa, tana kuma da tallafin karatu a cikin nahiyar Afirka. Tallafin Fulbright na Amurka, a tsarinsa na Najeriya, ya fi karkata ga ƙananan malaman da suka riga suka fara digirgir a gida, su je su yi shekarar karatu guda suna bincike. Sai dai dokokin bizar Amurka sun tsananta ga 'yan Najeriya tun 2025, a bincika halin da ake ciki kafin a ɗora buri a kai.

Akwai kuma na cikin Afirka, waɗanda mutanenmu ba su cika nema ba alhali sun fi dacewa da mu. AERC, ƙungiyar binciken tattalin arziki da ke Nairobi, tana da shirin digirgir na haɗin gwiwa a tattalin arziki, Jami'ar Ibadan na cikin masu ba da digirin. CODESRIA, majalisar binciken kimiyyar zamantakewa da ke Dakar, wadda aka kafa a 1973, ta daɗe tana ba da ƙananan tallafi na rubuta kundi da tarukan horo a kan dabarun bincike. Majalisar SSRC ta Amurka ta yi shekaru tana tallafa wa 'yan digirgir da ke rajista a jami'o'in Najeriya, Gana, Kenya, Yuganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan zaman lafiya, tsaro da ci gaba, a matakai uku: tsara bincike, shiga fili, da kammala rubutu. Batun Zamfara ya faɗa tsakiyar abin da suke nema. A duba ko sun buɗe a bana.

Kuɗin fili shi ne wanda ake mantawa. Kuɗin makaranta na iya fitowa daga albashi, amma mota zuwa Anka, masu taya ka tattara bayanai, caji da data, su ne ke tsayar da aiki shekara biyu. Ka sa su a lissafi tun farko.

Ni ba malami ba ne, a ƙungiyar agaji nake aiki. Ina da rabo?

Kana da shi, ban da TETFund. Kana ma da abin da malamai da yawa ba su da shi: ka ga yadda ake zaɓen masu cin gajiya, ka ga inda rahoto ke bambanta da abin da ya faru. Abu biyu za ka kiyaye. Bayanan ƙungiya ba naka ba ne, sai da izini a rubuce. Sannan in za ka binciki shirin da kai ka yi aiki a cikinsa, ka faɗa a fili a cikin tsarin bincikenka, ka bayyana yadda za ka hana hakan karkatar da sakamako.

Waɗanne takardu zan tanada?

Shaidar digiri na farko da na biyu, takardar bautar ƙasa, cikakken sakamakon kwasa-kwasai daga jami'o'in da ka yi, wasiƙun shaida biyu ko uku daga malaman da suka san aikinka, da tsarin bincike. Jami'o'in gida galibi suna neman matsakaicin maki mai ƙarfi a digiri na biyu, kowace da iyakarta. Na waje za su nemi jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, sassan tattalin arziki na Amurka da yawa kuma jarrabawar shiga ta GRE. Takardar sakamakon kwasa-kwasai ita ke kayar da mutane: ka nema tun watanni kafin ka buƙace ta, ka bi ta da ƙafa, ka ajiye kwafi. Fasfo ma haka. Kuma ka tabbatar rubutun sunanka iri ɗaya ne a ko'ina. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo wasiƙu na wata guda.

Yaya ake rubuta tsarin binciken da za a karɓa?

Yawancin waɗanda nake karantawa suna farawa da cewa talauci babbar matsala ce a duniya, musamman a Afirka, musamman a Najeriya, musamman a Arewa. Shafi uku sun tafi ba a ce komai ba. Mai tantancewa ya san akwai talauci, kuma ba tausayi yake rabawa ba. Yana neman tambaya ɗaya da za a iya amsawa a shekara uku da kuɗin da ke akwai.

Ɗauki shirin tallafin yara da aka yi a Zamfara da Jigawa da kuɗin DFID, wanda Save the Children ta gudanar a ƙananan hukumomin Anka da Tsafe. Ana ba mace naira 3,500 duk wata tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, daga baya aka mai da shi 4,000, tare da wayar da kai a kan shayarwa da abinci. An bi gidajen shekaru, aka ga tsumburewar yara ta ragu, mata da yawa kuma sun kama sana'a. Shirin ya ƙare a 2019. Ɗalibi mara dabara zai rubuta "Tasirin tallafin kuɗi ga rage talauci a Jihar Zamfara". Mai dabara zai tambaya: matan da suka sayi awaki ko injin markaɗe da wannan kuɗi, me ya rage a hannunsu bayan hare-hare sun tashi ƙauyukansu, kuma wace irin kadara ce ta fi tsira idan aka yi gudun hijira? Ka ga nan akwai wuri, akwai mutane, akwai lokaci, akwai abin da za a gwada da wani.

Haka shirin bashin manoma na Babban Banki da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. An yi ta magana a kan rashin biyan bashin. Amma wa ya biya, wa bai biya ba? Manomin da ambaliya ta cinye masa gona, da wanda ya ɗauki abin a matsayin rabonsa na siyasa, da wanda sunansa kawai aka sa a takarda, ba matsala ɗaya ba ce. Ko rajistar marasa galihu ta ƙasa, wadda aka riƙa biyan naira 5,000 a wata ta kanta, har da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su: da al'umma ta zauna zaɓen matalautanta, wa aka tsallake, bazawara ce, baƙo ne, ko Bafulatanin ruga? Mai son tarihi kuma yana da madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, inda rikicin diyyar gonaki ya kai ga kashe manoma a 1980, da mutanen Yawuri da aka tayar saboda madatsar Kainji. Takardun suna Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, jikokin mutanen kuma suna raye.

Bayan tambaya, sai ka nuna ka karanta abin da aka riga aka rubuta, ka faɗi inda ya tsaya, ka bayyana wa za ka tambaya, su nawa, ta yaya za ka zaɓe su, da abin da za ka yi idan hanya ta rufe.

Yaya zan sami malamin da zai duba aikina a waje?

Ka nemo mutum biyar ko shida da suka yi rubutu a kan abin da ya shafi tambayarka, ka karanta aƙalla maƙala ɗaya ta kowannensu har ƙarshe. Wasiƙar imel ɗin ta zama gajera: ko kai wane ne, tambayarka a jimla biyu, abin da ka karanta nasa da inda aikinka zai ɗora, tallafin da kake shirin nema, sai ka liƙa tsarin binciken. Kirari da doguwar gaisuwa irin wadda muke yi wa manya a nan ba ta aiki a can, haka ma labarin halin da iyali ke ciki. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, ka wuce na gaba.

Ban iya lissafi ba. Zan iya?

Za ka iya, amma kada ka fake da hakan. Tun da Abhijit Banerjee, Esther Duflo da Michael Kremer suka sami kyautar Nobel a 2019 saboda gwajin shirye-shiryen yaƙi da talauci, masu ba da kuɗi sun ƙara karkata ga alƙaluma. Duk da haka binciken zama da mutane, hira mai zurfi da tarihin baka na nan da darajarsa, kuma a nan ne Hausarka ke zama jari. Ko wanne ka zaɓa, ka koyi karanta jadawali. Bayanan binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ke yi da Bankin Duniya tun 2010, inda ake komawa gidaje iri ɗaya, kyauta ake saukewa bayan rajista. Haka na NDHS da MICS, binciken lafiyar iyali da halin mata da yara, da na ACLED a kan hare-hare. Manhajar nazarin alƙaluma ta R kyauta ce, KoboToolbox ta tattara bayanai ma haka, a waya ake cike ta ko babu sabis. Ka kuma lura da ma'aunin da kake ambato: layin talauci na Bankin Duniya ya tashi daga dala 1.90 zuwa 2.15 a 2022, ya koma dala 3 a 2025, kada ka gwama alƙaluman shekaru daban-daban kamar abu ɗaya ne.

Yaya ake bincike a inda babu tsaro?

Babu kundin da ya kai ranka, ko ran yaron da ka ɗauka ya taya ka. Jami'ar waje ba za ta bar ka ka tafi ba sai kwamitin ɗa'ar bincike da na tantance haɗari sun amince, kuma suna iya hana ka wasu ƙananan hukumomi gaba ɗaya. Ka tsara aikin yadda zai yiwu ko da hakan ta faru. Mutanen ƙauyukan da ba a shiga suna nan a Gusau, Anka, Tsafe, Zuru, a gidajen 'yan'uwa da kangaye da makarantu. Ranar kasuwa ma tana kawo maka su. Hira ta waya na taimakawa, amma ka tuna a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya na makonni, don haka kada ta zama ita kaɗai ce dabararka.

Idan maganar ta kai ga harajin da 'yan bindiga ke ɗorawa kafin noma ko girbi, ko kuɗin fansa, ko 'yan sa-kai, kada ka rubuta suna, kada ka ɗauki hoto, kada ka bar murya a wayar da kake yawo da ita. Abin da ke jimla ɗaya a kundinka yana iya zama sanadin a kira wani ɗan leƙen asiri.

Da na shiga ƙauye sai a ɗauka tallafi na kawo. Me zan yi?

Wannan kowa ya gamu da shi. Ka gaida uban ƙasa, ya haɗa ka da hakimi ko mai unguwa, ka zauna a kan tabarma ka buɗe littafi. Kafin ka gama gabatar da kanka an cika ƙofar gida, yara na zuwa da katin zaɓe da takardar NIN ta iyayensu mata a cikin leda, wai a sa suna. Ka tambayi maigida ko yana da dabbobi ya ce ko kaza babu, alhali akuya na kuka a bayan zana. Ba ƙarya ce ta mugunta ba. An sha zuwa an rubuta sunaye, kuma ya koyi cewa wanda ya ce yana da akuya ba ya shiga.

Ka faɗa tun farko, a gaban mai unguwa, cewa kai ɗalibi ne, babu rabon komai, kuma wanda ba ya so ya yi magana ba laifi. Ka maimaita a kowane gida. Wasu za su tashi, waɗanda suka rage su ne naka. Sannan ka bar tambayar nawa kake samu a wata, ba mai amsa ta. Tambayi wane wata hatsin rumbu ya ƙare bara, tiya nawa ake aunawa a rana yanzu da kuma bayan girbi, wa aka je wa rance da bazara, me aka fara sayarwa da ciwo ya shigo gida, adashi nawa uwargida ke zubi. Ka koma gidan sau biyu ko uku. A zuwa na uku ne akuyar ke fitowa a lissafi.

Ni mace ce, da aure da 'ya'ya. Akwai hanya?

Akwai, Hajiya, kuma fagen yana buƙatarki fiye da yadda kike zato. Yawancin tallafin kuɗi mata ake ba wa, shirin AGILE na Bankin Duniya da Kebbi ke cikin jihohin farko da suka shiga na 'yan mata ne, kuma namiji baƙo iyakarsa zaure. Abin da ke faruwa da kuɗin bayan sun shiga cikin gida, tsakanin miji da kishiyoyi da uwar miji, mace ce kawai za ta ji shi. Ta fuskar tafiya, dokar Birtaniya ta Janairun 2024 da ta hana ɗalibai zuwa da iyali ba ta shafi 'yan digirgir ba, sai dai kuɗin biza da na inshorar lafiya na kowane mutum suna da nauyi. Tallafin raba karatu biyu ya fi sauƙin shawo kan gida. Ki fara maganar da maigida da iyaye tun kina rubuta tsarin bincike, kada ki bari sai takardar ɗauka ta iso.

Wani ya ce in biya shi ya samo min gurbi, wani kuma zai rubuta min kundin.

Commonwealth, DAAD da Fulbright ba sa karɓar kuɗin nema, ba su da dillali. Wanda ya rubuta maka tsarin bincike kuma ba zai zauna maka a gaban masu tantancewa ba, tambaya biyu za su yi su gane. Haka mujallun da ke buga maƙala cikin mako guda in ka biya: sa su a takardar tarihin aikinka yana rage maka daraja a wurin masu tantancewa na waje.

In na gama, wane aiki ke jirana?

Koyarwa ce ta farko. Sababbin jami'o'inmu, har da ta aikin gona da ke Zuru da ta jiha a Talatar Mafara, suna da ƙarancin masu digirgir. Sai sassan sa ido da tantance ayyuka na UNICEF, Bankin Duniya da ƙungiyoyi, ko da yake guraben sun ragu tare da kuɗin. Ma'aikatun kasafi da tsare-tsare na jihohi da ofisoshin rajistar marasa galihu suna buƙatar wanda ya iya riƙe bayanai. Akwai kuma aikin kwangilar bincike, inda cibiyar waje ke neman abokin aiki a gida. In ta zo, ka yi maganar sharuɗɗa tun kafin a fara: sunanka a kan abin da za a buga, damar amfani da bayanan a naka rubutun, da kuɗin komawa ƙauyukan a gaya musu da Hausa abin da aka samu. A sa su a cikin yarjejeniyar, a rubuce, kafin ka ɗauki ko mutum ɗaya aikin tattara bayanai.